Daminar da Iska Ta Yaye Rufin Aji Huɗu

Ruwan farko na bana ya same ni a tsakar gida ina kwashe shanya. Ban gama ba Nusaiba, jikata, ta shigo a guje daga makaranta, ta jefar da jaka, ta ɗauko wayar uwarta ta kawo mini. Makarantarsu ce ta turo saƙo, wai daga yanzu zuwa hutun rabin zango 'yan aji huɗu za su yi karatu a kan tsirrai. Lissafi a kan tsirrai, Turanci a kan tsirrai, har zane. A ƙasa kuma an rubuta abin da ake so iyaye su taya yara yi a gida: a shuka wake a kofin roba, a riƙa ɗaukarsa hoto ana tura wa Anti, malamarsu.

"Kaka, kin iya shuka kuwa?" in ji ta.

Na ce ta je ta cire jiƙaƙƙun kaya tukuna, ma yi magana. Ta tafi, na zauna a bakin baranda da kayan shanya a cinyata. Ƙasa tana tashin ƙamshin nan nata, sanyi yana gangarowa daga kan duwatsu. Ni ma a aji huɗu na fara sa abu a ƙasa da hannuna, kuma irin wannan lokacin ne.

A unguwar Dilimi, nan Jos, muke zaune a shekarun, cikin gidan ƙasa mai rufin kwano da kakana ya gina. Shi kakan nawa daga wani ƙauye na ƙasar Kano ya zo yana saurayi, haƙar kuza ta kawo shi, bai sake komawa ba. Mahaifina, Malam Sule, a barikin kuza aka haife shi. Bai san fartanya ba, inji ya sani. Aikinsa shi ne kula da injinan da ke tsotse ruwa daga ramin haƙa, don kada ya cika ya kori ma'aikata. Tun da na yi wayo na san shi da warin baƙin mai a jiki, da ƙarar motar kamfani da ke tsayawa a bakin titi da sassafe ta kwashe su.

Da ranin shekarar kasuwar kuza ta faɗi, kamfani ya sallami mutane ya rufe. Baba ya zaga gareji-gareji neman aiki, ko'ina ya je sai ya tarar da irinsa sun riga shi. Daga baya ya daina zagawa. Amma bai daina tashi a kan lokaci ba. In ya dawo daga masallaci da asuba sai ya sa kakinsa, ya ɗaura agogo, ya ɗauki benci ya zauna a ƙofar ɗaki. Nan zai wuni. In an gaishe shi ya amsa, in an ajiye abinci ya ci kaɗan ya tura wa ƙannena. Mutumin da a da muryarsa ke cika gida, sai ga shi ana kwana biyu ba ka ji ya haɗa magana mai tsawo ba.

Lokacin kuma kaya sun yi wuya a gari, sabulu da madara da shinkafa sai an bi layi. Mu ba ma ta layi muke ba, ta masara muke. Da safe koko ba sukari. Da rana in an samu rogo a dafa, in ba a samu ba a sha ruwa. Da yamma gwate, tsakin masara da ganye. Inna, mahaifiyata, tana da jeren kwanoni masu fure a bangon ɗakinta tun na aurenta. Sai na lura jeren yana raguwa. Duk inda kwano ya tashi sai ya bar da'irarsa fara a jikin bango, ranar kuma za a ga ɗan mai a gwate. Yunwar Jos da sanyi take tafiya. In cikinka ba komai, iskar safe har cikin ƙashi take shiga, rigar sanyin da ta ishe ka bara sai ka ji kamar ba ka sa komai ba.

Mun koma makaranta ke nan aka yi wani hadari da la'asar, da iska da ƙanƙara. Washegari muka tarar rufin ajinmu yana kwance a bakin rafi, ya nannaɗe kamar tabarma. Littattafan da ke cikin kabad sun sha ruwa sun manne da juna. Hedimasta ya tara mu ya ce za a gyara. Har muka bar aji huɗu ba a gyara ba.

Malamarmu sunanta Malama Kaneng, 'yar Birom ce, gajeruwa mai saurin tafiya, ba ta rabuwa da wata baƙar lema. Hausarta irin ta garin nan ce, mace da namiji duk "ka" take ce musu. Ta tsaya a ƙofar ajin tana kallon sama ta inda rufi yake a da, sannan ta juyo ta ce, "To, tunda aji ya kore mu, za mu je inda ba rufin da zai tashi."

Ta kai mu wani fili a bayan makaranta, mai gangara zuwa rafi. Kashegari ta zo da buhu a bayan keke. Ta zazzage shi a gabanmu, sai ga dankalin turawa ƙanana, duk sun yamutse, kowanne ya fitar da tsiro. Daga gonar mahaifinta ta roƙo.

"Wannan shi ne littafinku har hutun rabin zango," ta ce. "Kowa ya ɗauka ya duba shi da kyau."

Mun ɗauka wasa take yi. Ashe da gaske ne. Lokacin lissafi mu auna filin da igiya, mu raba shi kunya-kunya, mu lissafa iri nawa kowace kunya za ta ci in an ba da tazarar tafin ƙafa da rabi. Lokacin kimiyya ta yanka dankali ta nuna mana idanunsa, ta ce kowane ido shuka ce da ke barci. A labarin ƙasa ta tambaye mu me ya sa dankalin nan yake yi a Jos amma ba ya yi a garuruwan zafi da damina. Muka yi ta hasashe, har ta sa muka hau wani dutse muka hango yadda ƙasa ke gangarawa nesa, ta ce a kan tudu muke zaune, tudun ne ya ba mu sanyi. A Turanci kowa ya rubuta labarin dankalinsa. A Hausa aka aike mu gida mu samo karin magana a kan noma. Ajin namu kuwa ba wanda babu, Hausawa da Birom da Ibo da Yarbawa da Angas, don haka sai ta ce kowa ya kawo na yarensu ma ya fassara mana. In ruwa ya sauko mu ruga barandar 'yan aji biyar mu cunkushe, ta buɗe lemarta a bakin baranda ta sa mu rera jadawalin sau har ya tsagaita.

Ranar da aka gama shuka ta ba kowa iri biyu ya kai gida. Aikin gida kashi biyu ne: a shuka su a kula da su, sannan a ajiye gwangwani a riƙa auna ruwan da ya sauka kullum. Ta ce a nemi babba a gida ya taimaka.

Na nuna wa Inna. Ta juya su a tafin hannunta ta ce, "Waɗannan ko miya ba za su yi ba." Sai ta yi mini nuni da haɓa wajen bencin Baba. Na je na durƙusa na yi masa bayani. Bai dubi dankalin ba ya ce, "Je ki, kya yi."

Na samo gwangwanin madara. Da na ga hadari ya haɗo, sai na ajiye shi a ƙarƙashin indararo, a ganina nan ruwa ya fi zuba. Kafin ƙiftawar ido ya cika ya tumbatsa. Na zubar na mayar, ya sake cika. Ina ta murna zan kai wa Malama labarin ruwa mai yawa, sai na ji murya a bayana.

"Ke Talatu, ruwan sama aka ce ki auna, ko na indararo?"

Na waiga. Baba ne, yana zaune inda yake, amma ya sunkuyo gaba. Mutum ne da ba ya iya ganin ana aiki a karkace ya yi shiru. Ya tashi ya shiga ruwan, ya karɓi gwangwanin, ya kafa wani guntun itace a tsakiyar tsakar gida nesa da rufi, ya ɗora shi a kai. Da yamma ya buɗe akwatin kayan aikinsa, wanda tun da aka sallame su bai taɓa ba, ya ciro wani siririn ƙarfe da magagari ya yi masa tsaga-tsaga daidai wa daida. Ya nuna mini yadda zan tsoma shi a miƙe in karanta inda ruwa ya tsaya.

Kashegari ya jawo wani tsohon kwanon sarki daga bayan ɗaki, irin wanda ake ɗaukar ƙasa da shi a wurin haƙa, ya huda gindinsa da ƙusa don ruwa ya riƙa fita. Muka cika shi da ƙasa da takin awaki. Da aka zo sa iri sai ya tsaya, dankali a hannu.

"Ni fa ban san komai a kan shuka ba," ya ce. "Ido ne sama ko ƙasa? Me malamarku ta ce?"

"Sama, Baba."

"To sa da kanki, in gani."

Daga ranar, in na dawo makaranta sai in same shi yana jirana. Kafin in cire takalmi zai ce, "Yau me aka ce?" In gaya masa an ce a ƙara ƙasa a gindin shuka don kada rana ta taɓa 'ya'yan su yi kore. Ya tambayi dalili. In ban sani ba ya ce in tambayo gobe. Malama Kaneng har ta gane, in na ɗaga hannu sai ta ce, "Wannan tambayarka ce ko ta Baba?" 'Yan aji su yi dariya.

Ganye ya rufe kwanon sarki lokacin da Baffa Isa ya zo. Ɗan wan kakana ne, yana zaune a ƙauyenmu na asali, yakan kawo albasa Jos a mota. Ya ga gwaten da aka kawo masa, ya ga bangon ɗakin Inna, da ya wanke hannu sai ya dubi Baba.

"Sule, zaman me kake yi a nan? Kuza ta ƙare. Gonar ubanka tana can muna nomawa, ɗaki ma ba zai gagara ba. In ruwa ya ɗauke zan zo da kaya, in sauke, in koma da ku."

Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Yaya."

Ba mugunta ce ta kawo Baffa ba, shi kaɗai ne ma ya tuna da mu. Amma Baba sau biyu ya taɓa ganin ƙauyen a rayuwarsa, Inna kuwa 'yar Dutse Uku ce, ba ta taɓa kwana a wajen Jos ba. Na yi ƙarfin hali na tambayi Baffa ko akwai makaranta a can. Ya ce akwai a gari na gaba, sai dai da nisa, 'yan mata ba su cika zuwa ba. Da na gaya wa Malama, ta kakkaɓe ƙasa daga hannunta ta ce, "Ka bari dankali ya nuna tukuna."

Hutun rabin zango ya zo da ruwa kamar an ɓalle sama. Kwana da kwanaki ba a ga rana ba. Gajimare ya sauko ya zauna a kan duwatsu, gwangwanina kullum sai ya kusa cika. Malama ta raba mana ranakun leƙa gona a cikin hutun. Ranar da ta faɗo kaina na je na tarar ruwa ya kwanta a tsakanin kunyoyi kamar tafki, ganyen da ke wajen rafi ya yi rawaya ya langaɓe. Na koma gida da gudu ina kuka. Baba ya saurare ni, ya tambayi ta ina ruwan yake shigowa, na ce ban sani ba. Sai ya shiga ɗaki ya fito da shebur. Rabonsa da ya wuce masallacin unguwa tun rani.

Mun isa muka tarar Malama ta riga mu, tare da wani dattijo dogo mai hular ulu, yana tsaye cikin ruwa har idon sawu. Mahaifinta ne, Da Gyang, mai irin dankalin. Yana ta kwarfar ruwa da ƙwarya yana watsawa gefe, ruwan yana dawowa. Suka gaisa da Baba. Dattijon ya ƙura masa ido.

"Ba kai ne mai inji a babban ramin nan na wajen Daɗin Kowa ba?"

"Ni ne, Baba."

"Na san ka. Mu muna ƙasa da kwanon sarki a kai, kai kana sama cikin rumfa kana shan inuwa."

Baba ya yi dariya, har ni sai da na juya na dube shi. Ya zaga filin a hankali yana duba gangara, ya je can ƙasa wajen rafi ya kafa shebur. Da Gyang ya ce ai ruwan a sama yake. Baba ya ce, "Ruwa ba a korarsa, hanya ake nuna masa." Ya fara haƙa daga ƙasa yana hawowa. Dattijon ya karɓi fartanya daga hannun Malama yana binsa, yana gaya masa inda zai kauce don kada ya sare 'ya'yan dankali. Aka aiki yara suka kira iyayensu na kusa. Baban Emeka kafinta ya zo da diga, maman Bose ta zo ta naɗe zani ta shiga kwasar laka. Ana yayyafi, ana aiki, ana gardama a kan wanda ya fi iya riƙe shebur. Da Baba ya fasa 'yar ƙasar da ta rage tsakanin ramin da gona, ruwan ya kama hanya da kansa, ja wur, ya nufi rafi. Muka tsaya muna kallo kunyoyi suna fitowa ɗaya bayan ɗaya.

Na wajen rafi sun riga sun ruɓe, in ka tona sai wari. Amma na sama sun tsira.

Malama ta kawo gwaten acca a babban kwano, aka zauna a barandar 'yan aji biyar. Baba ya ce ya ƙoshi. Da Gyang ya tura masa cokali ya ce shi ba ya cin abinci mutumin da suka yi aiki tare yana kallo. Suna ci dattijon yake ba shi labari, wai ramin nan da Baba ya yi shekaru yana tsotsewa, a kan gonar accar mahaifinsa aka haƙa shi. Yanzu kamfani ya tafi, ramin ya cika da ruwa, ko da rani ba ya ƙafewa. Akwai sauran fili a gefensa, amma shi ƙarfinsa bai kai ya yi ta ɗiba da bokiti ba. Ɗansa ya sayo wani ƙaramin inji lokacin da kamfani ya yi gwanjon kaya, sai dai tun da aka kawo shi bai taɓa tashi ba, kaji ne ke kwana a kai.

Baba ya ajiye cokali. "Wane iri ne? Mai koren fenti ko mai ja?"

Bayan kwana biyu ya ari keke ya tafi wurin Da Gyang. Ya dawo da yamma da buhu cike da ƙarafan injin, ya shimfiɗa tsohuwar tabarma ya jera su, yana wanke kowanne da kananzir. Inna ta fito daga madafa ta ce, "Warin nan ya dawo mana ke nan." Ta faɗa kamar tana ƙorafi, amma na ga ta ɗauko masa fitila tun kafin ya nema.

Gyaran inji bai kawo abinci ba. Watan marka shi ya fi kowanne tsanani. Wanki ya kwana uku a igiya bai bushe ba, itace ya jiƙe sai hayaƙi, Inna tana hura wuta idanunta suna zubar da ruwa. Gwate ya koma kusan ganye zalla, rama da yakuwa da duk abin da muka tsinko a bakin rafi, tsakin sai ka nema. Ƙanwata ta daina wasa, ta koma bin Inna tana riƙe da bakin zaninta. Babban kwanon da ke tsakiyar jere, wanda Inna ta ce na mahaifiyarta ne, shi ma ya tafi. Kuma a hankali Inna ta fara haɗa kayan tafiya. Duk abin da ba a amfani da shi kullum sai ta wanke ta sa a buhu ta ɗaure, har babbar tukunyar da ake girkin baƙi. Buhunan suka jeru a lungun ɗaki. Ba wanda yake maganarsu.

Ana gab da hutun ƙarshen zango muka haƙe dankalin makaranta. Ba a bar mu mu sa fartanya ba, da hannu muka tona. Ka cusa yatsu cikin ƙasa mai sanyi sai ka ji abu mai santsi, ka jawo, wani na biye da shi. Aka tara a tsakiyar ajin da ba rufi. Malama ta ce lissafin ƙarshe ke nan: a fitar da irin da za a mayar wa Da Gyang, a fitar da na dafawa, saura a raba daidai. Aka dafa a babbar tukunya da gishiri, aka barbaɗa yaji da ɗan man gyaɗa. Na ci dankali iri-iri a rayuwata, soyayye da na cikin miya, amma ban sake jin ɗanɗanon wancan ba, mai zafi yana ƙona yatsu, yayyafi yana sauka a kanmu. Malama Kaneng tana nan da ranta, ta tsufa, idonta ya yi rauni. Tun rikice-rikicen da aka yi a garin nan, unguwar da take yanzu ba irin wadda nake shiga kai tsaye ba ce kamar da, ita ma haka take ganin tawa. Mukan yi waya. Har yau "ka" take ce mini.

Na kwanon sarki Baba ne da kansa ya kife shi a kan tabarma. Abin da ya fito bai cika ƙwarya ba, amma ya riƙa ɗaga su ɗaya-ɗaya yana dubawa kamar bai taɓa ganin dankali ba. Ya ware manyan ya ba Inna, ƙananan ya tara a gefe ya ce iri ne.

"Iri kuma, Malam?" in ji Inna. "A shuka a ina?"

Ya ci gaba da tara ƙananan a gefe.

Cikin dogon hutu, ruwa ya fara ja da baya, Baba ya goya ni a keke muka tafi wurin Da Gyang. A lokacin Daɗin Kowa gonaki ne da shingen ƙyarana da itatuwan turare, gidaje jefi-jefi. Yanzu a nan nake zaune, in na leƙa ta taga ba abin da nake gani sai katanga da tankunan ruwa. Ramin yana can ƙasa, ruwansa kore shar, shiru kamar ba a taɓa yin hayaniya a wurin ba. An riga an ɗora injin a kan katako a bakin ruwa. Baba ya zuba mai, ya ja igiya, injin ya yi tari ya mutu. Ya sake ja, ya sake mutuwa. Da Gyang ya tsuguna ya zuba tagumi. Baba ya kwance wani abu ya hura, ya mayar, ya yi bisimilla ya ja. Wannan karon ya kama. Tiyo ya yi motsi kamar maciji, ya tofar da laka, sannan ruwa ya biyo baya da ƙarfi ya buge dattijon a gwiwa. Bai matsa ba. Ya tsaya ruwan yana dukan ƙafafunsa, yana magana da yarensu, ban san me yake cewa ba. Baba kuwa ya zauna daɓas a cikin laka da kakinsa, ya sa kunne yana sauraron ƙarar injin.

 Daga ranar kullum da safe sai ya ɗauki keke, ya dawo da yamma ƙafafunsa duk jar ƙasa, tafin hannunsa ya yi ƙurji ya fashe. Buhunan Inna suna nan a lungu.

Baffa Isa ya cika alkawari. Ruwa na ɗaukewa ya iso, ya yi sallama da hantsi, ya ce mota tana kasuwa ana sauke albasa, da la'asar za a juya. Inna ta shimfiɗa masa tabarma ta kawo ruwa. Aka aika aka kira Baba, ranar bai riga ya yi nisa ba, yana wurin mai facin keke. Ni ina tsaye a bakin ƙofar ɗaki, ƙanwata tana riƙe da hannuna.

Suka gaisa, aka tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Baffa ya ce, "To, ina kayan? A fara fitarwa."

Baba ya gyara zama. "Yaya, na gode, Allah ya bar zumunci. Amma ba zan iya tafiya bana ba. Ina da shuka a ƙasa."

"Shuka? Kai Sule? Yaushe ka fara noma?"

"Kabeji ne da karas, da ɗan dankali. Ni da wani dattijo, filinsa ne, ruwa nawa. Sun fito, Yaya. In na tafi ba mai tayar masa da inji."

Baffa ya kamo hannun Baba ya juya tafin yana dubawa. Shi manomi ne, ya san abin da yake gani. Ya daɗe bai saki ba.

"Ka san lambu ba ya ciyar da mutum sai ya wahalar da shi?"

"Na fara gani."

"In ya ƙi fa?"

"In ya ƙi, na san hanyar gida."

Baffa ya saki hannun ya numfasa. "To ai shi ke nan. Mai shuka a ƙasa ba a ce masa taso. Zan bar muku buhun dawa a wurin mai shagon bakin kasuwa, ka je ka ɗauka. Kada ka ce mini a'a."

 Inna ta tashi ta shiga ɗaki, na ji tana jan buhu. Ta tsuguna ta kwance igiyar da haƙori, ta ciro babbar tukunyar nan ta fito da ita tsakar gida, ta ɗora a murhu. Sannan ta dube ni.

"Ke 'yar nan, tsayuwar me kike yi? Ɗebo ruwa. Baffanku ba zai hau mota da yunwa ba."